An yi azumi, an biya kuɗin fansa, ya dawo ya rasu: ina amsar addu'ar?

Istifanus, Kachia:
Salamar Ubangiji, 'yan'uwa. Na daɗe a wannan zauren ina karanta abin da ake rubutawa, ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya fi ƙarfina.

A daminar da ta wuce masu garkuwa da mutane suka ɗauke yayana a gona. Majami'armu ta yi azumi, Zumuntar Mata suka riƙa kwana suna addu'a, mu kuma muka sayar da citta da masarar da ke rumbu, da shanun noma, har da filin da babanmu ya bar mana. Aka kai kuɗin, aka sako shi. Ya dawo ƙafafu a kumbure, cikinsa ba ya riƙe abinci. A asibiti suka ce ƙoda ce ta taɓu, saboda duka da irin ruwan da suka riƙa sha a daji. Bai jima a gida ba ya rasu. Ya bar mata da yara ƙanana.

Tare da shi aka ɗauke wani saurayi ɗan majami'armu. Shi lafiyarsa ƙalau. Ran Lahadin nan iyayensa suka yi godiya, aka yi ta rawa har gaban bagade, mahaifiyarsa ta ce Allah ba ya kunyatar da masu dogara gare shi. Ina zaune a bencin mawaƙa. Na yi wa yaron murna, Allah ne shaidata. Amma sai na ji kamar an ce mu ne ba mu dogara ba. Da aka tashi sujada wani ya dafa kafaɗata ya ce in binciki gidanmu, wataƙila akwai ƙofar da muka bar wa Shaiɗan a buɗe.

Tambayata ita ce: mene ne amfanin dogara ga Allah in mutum biyu sun dogara, ɗaya ya tsira ɗaya ya tafi? Don Allah kada wani ya liƙo mini Romawa 8:28, wai kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, na haddace ta tun ina makarantar Lahadi.

Laraba, Zonkwa:
Wayyo. Sannu ɗan'uwa. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya raya marayun nan.

Habila, Gombe:
Sannunku da haƙuri. Wanda ya ce maka ka binciki gidanku, shi ya kamata ya binciki bakinsa.

Filibus, Abuja:
Ina yi maka ta'aziyya, ɗan'uwa Istifanus. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Maganar Allah ba ta canzawa don ranmu ya ɓaci. Markus 11:24 ta ce abin da muka roƙa, mu gaskata mun riga mun samu, za mu kuwa samu. Yakubu 5:15 ta ce addu'ar bangaskiya za ta warkar da marar lafiya. Ba ta ce wataƙila ba. In alkawari bai cika ba, laifin ba zai zama na Allah ba, don shi ba mutum ba ne da zai yi ƙarya. To saura wa? Ban ce ku ne ba, amma dole a wani wuri an sami giɓi. Mu Kiristocin arewa matsalarmu ke nan, mun saba da wahala har mun mai da ita kamar gado. Kullum "haƙuri, haƙuri, nufin Allah ne". Yesu bai taɓa cewa marar lafiyar da ya zo wurinsa ya koma gida ya yi haƙuri ba. Ni na ga mutanen da likita ya sallama su je su jira mutuwa, aka yi addu'a suka tashi. Allahn nan bai tsufa ba.

Rifkatu, Jos:
Filibus, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ni ma na ga waɗanda muka cire rai da su suka tashi. Ba na musun wannan. Abin da ba ka gani ba, saboda ba a kawo shi gaban majami'a da makirufo, shi ne sauran gadajen. Na ga matan fastoci, na ga dattawan da suka yi shekara da shekaru suna wa'azi a ƙauyukan da babu hanya, sun mutu a hannunmu da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashi. Su ma giɓi gare su?

Kuma bari in gaya maka illar wannan koyarwar a zahiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya je taron addu'a, a ce masa shan magani alamar shakka ce, ya zubar da ƙwayoyinsa. Bayan wata biyu a kawo mana shi rabin jiki ya shanye. Mai ciwon ƙoda da ke bukatar wankin jini a ɗauke shi a kai shi dutse kwana uku ba ci ba sha. Mutanen da suka kawo mana bishara ba haka suka fahimci bangaskiya ba. Asibitin Vom tun 1922 yake, mishan ne suka gina shi. Garkida da Lassa ma majami'a da asibiti tare suka tashi. Bulus da kansa ya bar Tarofimas a Militus ba lafiya, duba 2 Timoti 4:20, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Manzon da aka riƙa kai ƙyallayen jikinsa wurin marasa lafiya suna warkewa ke nan fa.

Filibus, Abuja:
Yaya Rifkatu, ban ce kowa ya zubar da magani ba, kada ki sa mini magana a baki. Cewa na yi kada mu gina koyarwa a kan abin da bai faru ba. A kan alkawari ake gina ta.

Baba Yohanna, Kagoro:
Ɗana Istifanus, sannu. Na yi ritaya daga aikin fasto, idona ma ba ya ganin waya sosai, jikata ce ke rubuta mini wannan. Na binne mutane da yawa, tambayarka ba baƙuwa ba ce a kunnena.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkon surar sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna, ya sa aka kashe shi da takobi. Layi ɗaya tak aka ba mutuwarsa. Wannan Yakubun yana cikin ukun da Ubangiji ya hau dutse da su, yana cikin ukun da ya ja kusa da shi a Gatsemani. Sai Hirudus ya ga abin ya yi wa mutane daɗi, ya kama Bitrus. Ikilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sarki ɗaya, birni ɗaya, ikilisiya ɗaya. Kana tsammani ba su yi wa Yakubu addu'a ba?

Yanzu ga wurin da nake so ɗana Filibus ya duba da kyau. Da Bitrus ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ake masa addu'a, yarinyar nan Roda ta ruga ta faɗa musu, me suka ce mata? Suka ce ta haukace. Ta nace, suka ce to mala'ikansa ne. Mutanen da ake cewa addu'arsu ta fito da Bitrus ke nan. Ba su ma gaskata an amsa ba. In da ƙarfin bangaskiyar masu addu'a ne ke buɗe kurkuku, da Bitrus ya kwana a ciki.

Haka Ibraniyawa 11. Muna son karanta ta mu tsaya a tsakiya, inda aka rufe bakin zakuna, aka tsere wa kaifin takobi. Sauka ƙasa kaɗan, aya 35 zuwa 38. Waɗansu aka jajjefe su, aka tsaga waɗansu da zarto, aka kashe waɗansu da takobi. Takobin da wasu suka tsere wa shi ya ci wasu, marubucin kuma ya ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Bai raba su aji biyu ba.

Bangaskiya ba kuɗin fansa ba ce da za mu ƙirga mu kai wa Allah a jaka, in ta cika ya sako mana namu, in ta gaza ya riƙe. Wanda ya koya muku haka ya mai da Ubanku ɗan bindiga bai sani ba. Dalilin da ya sa aka bar yaron nan aka ɗauki yayanka, ban sani ba, duk wanda kuma ya ce maka ya sani, ka tambaye shi wa ya gaya masa.

Habila, Gombe:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Wannan na Roda ban taɓa lura da shi ba.

Kefas, Kaduna:
Baba, ku gafarce ni, amma amsarku ta ƙara rikita ni. In Allah zai ceci Bitrus ko an gaskata ko ba a gaskata ba, zai kuma bar Yakubu ko an yi azumi ko ba a yi ba, to addu'ar ta mece ce? Me ya sa muke wahalar da kanmu da kwanan coci? Wannan ai bai da bambanci da a ce kowa ya zauna ya jira abin da aka rubuta masa. Aƙalla maganar Filibus tana ba mutum abin yi. Taku kamar tana cewa mu naɗe hannu.

Baba Yohanna, Kagoro:
Ɗana Kefas, ban ce addu'a ba ta aiki ba. Luka ya ambaci addu'ar ikilisiya a wurin ne don mu san tana da hannu a fitowar Bitrus. Cewa na yi roƙo ce, ba umarni ba. Wanda ake roƙo yana iya cewa i, yana iya cewa a'a. Ubangijinmu a Gatsemani sau uku ya roƙa a kawar masa da ƙoƙon, Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Duka biyun ba a ba su abin da suka roƙa ba. Za ka ce Yesu ne ke da giɓi?

Mama Saratu, Mubi:
Bari in sa baki, don mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wannan darasin ba a littafi muka karanta shi ba.

Ran 29 ga Oktoba 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, a ranar kuma suka kama hedkwatar ikilisiyarmu a Kwarhi. Shugabanninmu sai Jos suka koma da ofis. Mu muka bi daji da ƙafa, wasu suka tsallaka Kamaru, mutanen Gwoza da yawa suka ƙare a sansanin Minawao. Kafin wannan, a watan Afrilun shekarar, an kwashe 'yan matan Chibok 276, yawancinsu 'ya'yan majami'unmu ne. Wace irin addu'a ce ba mu yi ba? Wasu suka kuɓuta a daren, wasu aka sako su bayan shekaru, wasu iyayen kuwa sun mutu ba su sake ganin 'ya'yansu ba. Uwayen nan benci ɗaya suke zama a Zumunta, zane iri ɗaya suke ɗaurawa. Filibus, zo ka tsaya a gabansu ka nuna mini wadda bangaskiyarta ta gaza.

Ku tuna da Rabaran Lawan Andimi na Michika. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama shi. A bidiyon da suka fitar, yana hannunsu, ya ce bai karaya ba domin komai a hannun Allah yake, da alherin Allah zai koma wurin iyalinsa, in kuma ba a ba shi dama ba, to nufin Allah ke nan. Ran 20 ga watan suka kashe shi. Ni a wurina mutumin nan ya fi duk masu ihu a makirufo bangaskiya. Maganar da ya yi ita ce ta Shadrak da Meshak da Abednego a gaban Nebukadnezzar: Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Su ukun aka fito da su daga wuta, shi ba a fito da shi ba. Magana ɗaya suka yi.

Istifanus ɗana, ba zan ɓoye maka ba, bayan mun dawo Mubi na daɗe ba na iya addu'a. In na durƙusa sai hawaye. Abin da ya riƙe ni ba wa'azi ba ne. Matan Zumunta ne, su ma ba su da komai, wannan ta kawo mudun dawa, waccan ta zo ta share mini tsakar gida ta zauna ba ta ce komai ba. Su suka yi ta gaskatawa a madadina har tawa ta dawo.

Laraba, Zonkwa:
Mama kin sa ni kuka. Ga Leah Sharibu ma, tun Fabrairun 2018 da aka ɗauke ta tare da sauran 'yan matan makarantarsu a Dapchi. An mayar da sauran da ke raye bayan wata guda, ita aka riƙe ta saboda ta ƙi musun Yesu. Wato wadda ta fi tsayawa ita ce ba a sako ba. Wannan lissafin na "ka gaskata ka samu" ina zai sa ta?

Filibus, Abuja:
Mama, ina girmama abin da kuka sha, ban isa in yi jayayya da ke a kai ba. Amma tsanani saboda sunan Yesu daban, Ubangiji ya faɗa zai zo. Ciwo da talauci da garkuwa don kuɗi daban. Kuma ko Ayuba da kowa ke kafa hujja da shi, ku karanta ƙarshen littafin mana. Allah ya mayar masa ninki biyu. Labarin bai ƙare a kan toka ba. Ni abin da nake ƙi shi ne mu koya wa mutane su daina sa rai.

Hannatu, Zariya:
Filibus, tun da ka kai mu ƙarshen Ayuba, mu karanta shi duka. A sura 42 aya 7 Allah ya ce wa Elifaz, abokin Ayuba, ya husata da shi da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Me abokan nan suka yi ta faɗa tun daga sura 4? Cewa Allah ba ya barin marar laifi ya hallaka, don haka Ayuba ya binciki kansa. Daidai abin da aka gaya wa Istifanus a ƙofar majami'a. Shi kuwa Ayuba da ya la'anci ranar haihuwarsa, ya ce Allah ya mai da shi abin da yake auna wa kibiya, shi aka ce ya faɗi daidai. Abin kirki ɗaya da abokan suka yi shi ne kwana bakwai ɗin farko da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su buɗe baki ba.

Maganar ninki biyu kuma, tumaki da raƙuma da shanu da jakuna ne aka ninka. 'Ya'ya goma ya binne. An ba shi waɗansu goma, amma tambayi duk uwar da ta taɓa binne ɗa ko haihuwar wani tana share na farkon.

Isuhu, Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar, 'yan'uwa. Mu nan Kirista ba mu da yawa, in munka ji labarinku sai mu ga kamar namu ne. A Janairun 2015, saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta yi a Faransa, anka ƙone majami'u da dama a Damagaram ran 16 ga wata, washegari kuma a Yamai. Mu da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba. Ƙanwata tana Damagaram lokacin, maƙwabcinta Musulmi shi ya ɓoye ta da ɗiyanta cikin ɗakin matarsa har ƙura ta lafa. Ita kullum cewa take Allah ya amsa addu'arta, amma ta hannun wanda ba ta taɓa zato ba. Majami'arsu kuwa ta ƙone ƙurmus, wannan addu'ar ba a amsa ta yadda sunka so ba. Ran Lahadi sunka taru cikin kangon sunka yi sujada.

Abin da nike son ƙarawa ga maganar Filibus: sa rai yana da kyau, amma a kan mi? In a kan cewa ba za a taɓa ka ba ne, ranar da anka taɓa ka komi ya rushe. Na san mutanen da sunka bar bangaskiya, ba don wahala ba, don an yi musu alkawarin da Yesu bai yi ba.

Kefas, Kaduna:
Akwai wata tambayar da kowa ke kaucewa. Biyan kuɗin fansar shi kansa fa? Kuɗin nan da su ake sayen bindigar da za a ɗauki na gaba. In da gaske mun dogara ga Allah, ba sai mu ƙi biya ba?

Habila, Gombe:
Kefas, ran da aka ɗauki naka sai ka zo ka maimaita mana wannan. Wanda bai sha dukan ba shi ke cewa a yi haƙuri.

Hannatu, Zariya:
Ku bi a hankali. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, saboda ya riga ya ce masa hannun Allah yana tare da su, sai ya yi azumi ya kama hanya. Nehemiya kuwa ya tafi da shugabannin sojoji da mahayan dawakai da sarki ya haɗa shi da su, da ana ginin garu ma addu'a suka yi suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Littafi bai zargi ko ɗaya ba. Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu ya tsere. Yadda za a hana garkuwa aikin hukuma ne, a nan ya kamata mu ɗaga murya. Iyalin da aka kira su a waya suna jin ihun ɗan'uwansu, ba ni da bakin da zan ce musu kada su sayar da gona.

Mai kula da zaure:
'Yan'uwa, na goge saƙo biyu da suka koma zagin ƙabila da addinin wasu. Ba don wannan aka buɗe zauren ba, kuma masu garkuwar nan ba su bar Musulmi ba, ku tambayi mutanen Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. A tsaya kan tambayar Istifanus.

Istifanus, Kachia:
Na karanta duka, na gode. Baba Yohanna, maganar Yakubu da Bitrus ta zauna mini. Ban taɓa tunanin cewa Yohanna yana cikin ikilisiyar da ta yi murnar fitowar Bitrus, alhali ba a daɗe da kashe ɗan'uwansa ba.

Amma kada in yi muku ƙarya, har yanzu ina fushi. Ba da masu garkuwar kaɗai ba. In na buɗe baki zan yi addu'a, abin da ke zuwa shi ne "don me ka bari muka sayar da komai in ka san ba zai rayu ba?" Da ya mutu a daji da aƙalla yaran suna da gona. Ina jin tsoron faɗin wannan a gaban Allah, ina kuma jin in na yi waƙar yabo munafunci nake yi. Shi ya sa na ce wa shugaban mawaƙa ya ba ni hutu.

Baba Yohanna, Kagoro:
Ɗana, faɗa masa. Ya riga ya ji ta a zuciyarka, ɓoyewar ta mece ce? Karanta Zabura 88 yau da dare. Yawancin zaburan kuka suna juyawa su ƙare da yabo, wannan ba ta juya ba, da duhu ta ƙare. Ruhu Mai Tsarki bai cire ta daga littafin waƙoƙin jama'ar Allah ba. Mutumin yana zargin Allah daga farko har ƙarshe, amma lura da wanda yake yi wa maganar: ya kira shi Allah na cetonsa. Ubangijinmu ma a kan gicciye da Zabura 22 ya yi kuka, yana tambayar don me aka yashe shi. Wanda ya daina dogara ba ya faɗa da Allah, juya baya yake yi ya tafi abinsa.

Hutun waƙa kuma ka ɗauka, babu laifi. Da Iliya ya kwanta a gindin itace ya ce a ɗauki ransa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya sake barci. Amma kada ka daina zuwa sujada. Zauna a baya, wasu su yi waƙar.

Rifkatu, Jos:
Ka kuma sa ido a kan matar yayanka. In ba ta barci, ba ta cin abinci, ko tana firgita da dare, a kai ta ta ga likita, wannan ma ciwo ne kuma yana da magani. Shi saurayin da ya dawo ma kada a ɗauka rawar godiya ta wanke abin da ya gani a daji.

Mama Saratu, Mubi:
Ni yanzu da dattawan majami'a nake. Yakubu 2:15 da 16 ta yi maganar wanda zai ce wa mai yunwa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai ba shi komai ba. Iyalin nan sun sayar da gona da shanun noma. Damina na zuwa. Wa zai ba gwauruwar nan fili aro? Wa zai biya kuɗin makarantar yaran? Majami'ar da ta iya shirya azumi ta iya shirya gayya. Baikon godiyar da aka tara ran Lahadin nan, da ni ce ma'aji da na ce a raba shi biyu a kai rabi gidan mamacin.

Laraba, Zonkwa:
Wannan ya kawo ni kan abin da ke damuna tun ɗazu. Anya yadda muke ba da shaida a majami'a daidai ne? Kullum wanda ya warke, wadda ta haihu, wanda ya sami aiki. Wadda ta yi shekara goma sha biyar tana jiran haihuwa tana zaune tana tafa wa wasu. Ban taɓa ganin an ba wani makirufo ya ce "na roƙa ba a ba ni ba, ga ni nan har yanzu" ba.

Filibus, Abuja:
To yanzu so kuke a hana mutane godiya? Kutare goma aka warkar, Yesu ya tambayi ina taran da ba su dawo ba. Uwar yaron nan ba ta yi laifi ba don ta yi rawa. Ɗanta ya dawo daga bakin mutuwa.

Hannatu, Zariya:
Ba wanda ya ce ta yi laifi, ta yi rawarta har ta gaji. Romawa 12:15 ce dai ke da ɓangare biyu, mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka, mu kuwa mun ƙware a na farkon. Gyaran a hannun mai jagorar sujada yake. Ya san mutum biyu aka ɗauka. Kafin a buga ganga sai ya kira sunan wanda ya rasu, ya sa ikilisiya ta tsaya ta yi wa matarsa da yaransa addu'a, sannan a shiga godiya. Ya kuma ja kunnen masu ba da shaida su faɗi abin da Allah ya yi musu, su bar bayanin dalilin da ya sa ya yi musu bai yi wa wani ba.

Filibus, Abuja:
Wannan na yarda da shi. Amma a kan Markus 11:24 har yanzu ba wanda ya ba ni amsar da ta gamsar da ni. Baba Yohanna, in kun sami lokaci ina so mu buɗe mata zance nata daban.

Baba Yohanna, Kagoro:
Buɗe, ɗana. Ka haɗa da 1 Yohanna 5:14 ka karanta kafin nan. Sai dai ka bari sai jibi, jikar tawa tana da jarrabawa gobe.